Faranti biyu, ubangida ɗaya: yadda cinikin haƙƙin nuna ƙwallo ke isowa gidajen kallon Bande

Ranar 22 ga watan Satumban 2025, kamfanin Canal+ na Faransa ya ba da sanarwar cewa ragamar MultiChoice ta Afirka ta Kudu ta dawo hannunsa. MultiChoice ita ce uwar DStv da GOtv da tashoshin wasanni na SuperSport. An yi cinikin a kan rand 125 kowane hannun jari, abin da ya sa darajar kamfanin ta kama kusan dalar Amurka miliyar uku. Jaridun kasuwanci na Paris da Johannesburg sun yi ta sharhi a kan masu jari da ribar da suke hange. Ba su ambaci Bande ba, kuma babu abin da zai sa su ambace ta. Amma idan ana neman wurin da wannan ciniki zai fi fitowa fili a aljihun mai kallo, garuruwan bakin iyaka irin su Bande da Magarya da Dungas suna sahun gaba, domin a nan ne farantan kamfanonin biyu suka daɗe suna kallon juna daga wannan rufi zuwa wancan.

Bande tana kan hanyar da ta taso daga Damagaram ta nufi Magarya, ta wuce Tinkim ta faɗa Najeriya ta Babban Mutum. Daga ɓangaren Dungas kuwa, Maigatari ce ƙofa. Mai rake ko rogo daga fadamun Korama, da mai kai bisashe kasuwar Maigatari ranar Alhamis, duk sun saba riƙe kuɗi iri biyu a aljihu, sefa da naira. Haka ma kallon ƙwallo ya kasance. Ta gefen Yamai akwai Canal+, da sharhin Faransanci da biya da sefa. Ta gefen Kano da Daura akwai DStv da GOtv da StarTimes, da sharhin Ingilishi da biya da naira. Tauraron ɗan'adam bai san shingen duwan ba: siginar da ke sauka a Babura ita ce ke sauka a Bande. Saboda haka mai gidan kallo a wannan yanki yana da abin da takwaransa na Agadas ko Tawa bai cika samu da sauƙi ba, wato zaɓi. In wannan ya yi tsada, sai ya juya faranti.

Wannan zaɓin ne yanzu ya koma ƙarƙashin ubangida ɗaya.

Abin da ake saye da sayarwa

Mai kallo yana ganin kamar ƙwallo yake biya wa kuɗi. A gaskiya abin da ke yawo a kasuwa takarda ce: izinin nuna wata gasa, a wata ƙasa, da wani harshe, ta wata hanya, na wasu shekaru. Mai gasar, ko hukumar Firimiya ta Ingila ce, ko UEFA, ko FIFA, ko CAF, yakan yanka wannan izini gunduwa-gunduwa kamar mahauci, ya sayar wa wanda ya fi tayawa. Akwai kason tashoshin biya, akwai na tashoshin kyauta irin su Télé Sahel, akwai na intanet. A Afirka kudu da Sahara an daɗe ana yin rabon bisa harshen Turawan mulkin mallaka: masu Faransanci kashi guda, masu Ingilishi da Fotugis kashi guda. Shi ya sa Bahaushen Magarya da ɗan'uwansa na Babura, waɗanda wataƙila kakansu ɗaya, suke cikin kasuwa biyu daban a takardun Landan da Nyon.

Kuɗin da ke cikin harkar ya wuce hankali. Yarjejeniyar da gasar Firimiya ta ƙulla da Sky da TNT Sports don nuna wasanni a cikin Birtaniya kaɗai, daga 2025 zuwa 2029, ta kai fam miliyar 6.7. Idan aka juya, kimanin sefa miliyar 5,000 ke nan, alhali kasafin kuɗin Nijar gaba ɗaya na 2025 miliyar 3,000 ne da ɗoriya. Kuma abin da Firimiya ke samu daga ƙasashen waje ya riga ya zarce na cikin gida. Wani ɓangare na wannan kuɗi na waje, komai ƙanƙantarsa, daga dala ashirin-ashirin ɗin da matasa ke miƙawa a ƙofar gidan kallo yake fitowa.

A Turai da Amurka, sababbin masu tayi su ne kamfanonin da ke nuna wasa ta intanet. Amazon ta shiga Firimiya a 2019 da wasa 20 a shekara. Apple ta ɗauki gasar Amurka ta MLS na shekara goma daga 2023, a kan dalar Amurka miliyar 2.5. Netflix ta sayi gasar kofin duniya ta mata ta 2027 da ta 2031 don masu kallo a Amurka. A watan Nuwamban 2025, Paramount ta ƙwace mafi yawan wasannin gasar zakarun Turai a Birtaniya daga hannun TNT Sports, daga kakar 2027. Abin da wannan gogayya ta jawo wa mai kallo a can shi ne rarrabuwa: wanda ke son bin ƙungiyarsa a duk gasannin da take bugawa sai ya yi rajista biyu ko uku.

Faransa ce ta fi kowa ɗanɗana kuɗarta. A 2018 hukumar gasar Ligue 1 ta juya wa Canal+ baya, ta miƙa mafi yawan wasanni ga Mediapro na Sifaniya, wanda ya yi alkawarin sama da yuro miliyan 800 a shekara. Watanni kaɗan da fara kakar 2020, Mediapro ya kasa biya. Amazon ta karɓa da arha a 2021, DAZN ta gaje ta a 2024, ita ma kaka ɗaya ta yi aka raba gari. A watan Agustan 2025 hukumar ta buɗe tasharta ta kanta, Ligue 1+, a kan yuro 14.99 a wata, kusan jika goma. Ƙungiyoyin Faransa da suka tsara kasafinsu bisa alkawarin Mediapro har yau ba su gama farfaɗowa ba. Darasin da shugabannin Canal+ suka ɗauka daga wannan rikici a bayyane yake: a Turai kasuwa ta cika, masu tayi sun yi yawa, riba ta yi ƙaranci. Inda jama'a ke ƙaruwa, kuma matasa suka fi yawa, ita ce Afirka. Tun 2020 suka fara tsintar hannun jarin MultiChoice kaɗan-kaɗan, har suka kai ga haɗiye shi. Yanzu rukunin yana da masu rajista sama da miliyan 40 a ƙasashe kusan 70.

Ke nan abin da ke faruwa a nahiyar nan kishiyar na Turai ne. Can masu saye suna ƙaruwa, nan suna raguwa.

Waɗanda suka gwada ƙarfi

Ba yau aka fara yunƙurin karya babakeren manyan biyu ba, kuma tarihin yunƙurin ba mai daɗin ji ba ne. A 2007 wani kamfani mai suna GTV ya sayi mafi yawan wasannin Firimiya don ƙasashen Afirka da dama, ya sayar da dekoda da arha, sannan a watan Janairun 2009 ya rufe dare ɗaya, ya bar mutane da faranti a kan rufi. A wannan shekara ta 2007 ɗin, HiTV na Toyin Subair ya ƙwace Firimiya daga SuperSport a Najeriya. Da aka zo sabunta ciniki a 2010 ya kasa kawo kuɗin da aka nema, bai daɗe ba ya durƙushe. Kwesé TV na attajirin Zimbabuwe Strive Masiyiwa ya zo da ƙarfinsa, ya rufe a 2019. Ciwon duka ɗaya ne: ana sayen haƙƙi da dala ko yuro, a biya tun kafin a buga wasa, sannan a zo ana tara kuɗin da naira ko shilin daga hannun mutanen da samunsu ba shi da tabbas. Da zarar kuɗin gida ya faɗi, lissafi ya watse.

Wanda ya fi ba da mamaki a shekarun nan shi ne New World TV na Lome. Kamfanin da ba kowa ya san shi ba a wajen Togo, sai ga shi ya sayi gasar kofin duniya ta Katar ta 2022 don ƙasashe masu Faransanci, a gaban idon Canal+. A ƙarshen 2023 kuma CAF ta ba shi haƙƙin gasanninta a ƙasashe 46 na kudu da Sahara har zuwa 2025. Ƙarfin da wannan takarda ke da shi ya bayyana a farkon Janairun 2024: ana saura kwanaki a fara gasar cin kofin Afirka a Kodebuwa, MultiChoice ta fito ta ce SuperSport ba za ta nuna gasar ba, don ba ta da izini. Hankalin masu gidajen kallo daga Legas har bakin iyaka ya tashi. Sai dab da wasan farko aka sasanta, SuperSport ta saya daga hannun kamfanin na Togo. Wanda ya saba sayar wa wasu, ran nan shi ya tsaya a layi.

Ita kanta CAF ta sha wahala kafin ta koyi raba ƙafa. A 2015, zamanin Issa Hayatou, ta damƙa dukan haƙƙoƙinta ga kamfanin Lagardère na Faransa na shekara 12, daga 2017 zuwa 2028, a kan dalar Amurka miliyar ɗaya, ba tare da an buɗe tayi ga kowa ba. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Masar da ta COMESA suka ce cinikin ya saɓa ƙa'ida, CAF ta soke shi a watan Nuwamban 2019. Abin da ya biyo baya shi ne wasannin Afirka da dama suka ɓace daga SuperSport na tsawon lokaci, yayin da wasannin Ingila suka ci gaba da fitowa.

Wani zai ce ai Canal+ da SuperSport ba su cika yin takara kai tsaye ba tun da can, tunda harshe ya raba musu kasuwa. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai kasancewarsu biyu ya sa mai sayarwa yana da ƙofa biyu da zai ƙwanƙwasa, kuma ƙaramin kamfani irin New World TV yana iya jingina da ɗaya don ya matsa wa ɗaya. Yanzu duk wanda ya riƙe gasa yana neman tashar biya mai ƙarfi daga Dakar zuwa Maputo, teburi ɗaya zai tarar. Mai yiwuwa wannan ya sa kuɗin da ake biyan masu gasa ya sauka, abin da masu jarin Canal+ ke fata ke nan. Ko saukin zai gangaro har kan mai kallo, wannan wata magana ce. Kamfanin da ya kashe kuɗi masu yawa wajen sayen abokin hamayyarsa, abin da ya fi damunsa shi ne mayar da kuɗinsa.

Lissafin mai gidan kallo

A Bande, kamar sauran garuruwan karkara, mafi yawan masu son ƙwallo ba a gida suke kallo ba. Ko dai a gidan kallo, rumfar kwano ko ta zana da benci da allo biyu ko uku, ko a fada inda samari suka haɗa kuɗi suka sayi dekoda, ana kallo ana zuba shayi. Kamfanoni suna ƙirga mai rajista ɗaya; a ƙasa kuwa mutum hamsin ne ko ɗari a bayan wannan rajista. Mafi ƙarancin albashi a Nijar sefa 42,000 ne tun farkon 2024, kuma manomi ko ɗan kabu-kabu ba shi da ko wannan tabbacin. Tsarin Canal+ mafi arha ya daɗe a jika biyar, na sama da shi jika goma, manyan wasanni kuma sun fi yawa a tsare-tsare masu tsada. Ba abin mamaki ba ne kallo ya zama na taro.

A ɗauka mai gida yana karɓar sefa 100 a kan kowane wasa, kuma mutum 40 suka shigo. Jika huɗu ke nan. A ciki zai fitar da kuɗin man injin wuta na awa biyu ko uku, da ladan yaron da ke tsaron ƙofa, da wani abu na haya, da rabon abonoma na wata. Ranar da Real Madrid ta haɗu da Barcelona, ko Arsenal da Manchester United, gida zai cika har a tsaya a waje. Ranar da ƙananan ƙungiyoyi ke wasa, wataƙila kuɗin mai ma ba zai fita ba. Watannin da aka tafi hutun gasa kuwa, sai fim ɗin Kano da na Indiya. Ribar siririya ce ƙwarai, ƙarin jika biyu a wata yana iya cinye ta. Kuma ba shi da halin ƙara kuɗin shiga yadda ya ga dama, don wanda ke da dala ashirin ba lalle yana da talatin ba.

Shekarun 2023 zuwa 2025 sun jijjiga wannan lissafi ta kowane gefe. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin man fetur, man ƴan ruwa-ruwa da yankin ya dogara da shi shekara da shekaru ya daina arha. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da NIGELEC ke rabawa, aka kuma rufe iyaka har zuwa watan Maris na 2024. Gwamnati ta sauke farashin lita zuwa sefa 499 a watan Yulin 2024, amma ƙarancin mai na watan Maris na 2025 ya nuna cewa farashin hukuma ba ya amfani idan famfo ya bushe. Shi ya sa duk mai gidan kallon da ya samu hali yake komawa ga allon sola da batir.

Faɗuwar naira kuma ta zo da wani abu mai fuska biyu. MultiChoice ta yi ta ƙara kuɗi a Najeriya: sau biyu a 2023, sannan a watan Mayun 2024, sannan ranar 1 ga Maris na 2025, lokacin da tsarin Compact, wanda ke ɗauke da wasannin Firimiya, ya tashi daga naira 15,700 zuwa 19,000, na ƙoli kuma daga 37,000 zuwa 44,500. Ƴan Najeriya suka yi ta kuka, hukumar kare masu saye ta ƙasar ta shiga shari'a da kamfanin, kuma kamfanin da kansa ya amsa cewa ya rasa masu rajista miliyan 1.4 a Najeriya cikin shekara biyu. Amma ga wanda ke riƙe da sefa, tunda jika ɗaya ta haura naira 2,000 da nisa, naira 19,000 ba ta kai jika goma ba. Wato duk da ƙarin, dekodar Najeriya ta zama mai sauƙi ga ɗan Magarya da ke samun kuɗinsa da sefa, ta zama nauyi ga maƙwabcinsa da cinikinsa na naira ne.

A takarda, wannan tsallaken ba halal ba ne. Rajistar da aka yi da adireshin Kano don Najeriya aka sayar da ita, kuma rajistar gida ba ta ba da izinin tara jama'a a karɓi kuɗi. Muddin kamfanonin biyu suna hamayya, babu wanda ya damu sosai: duk dekodar DStv da ta shigo Nijar riba ce ga Johannesburg, asara ce ga Paris. Yau da aljihun ya zama ɗaya, kowace irin wannan dekoda tana nufin kamfani yana sayar wa mutum da arha abin da zai iya sayar masa da tsada. Ba a buƙatar boka kafin a gane cewa wata rana wani akanta zai lura da haka. Ko dai a daidaita farashin ɓangarorin biyu, ko a tsaurara bincike a kan inda dekoda take aiki.

Abin da zai iya taka wa kamfanin burki bai wuce biyu ba. Na farko gwamnatoci. A Gana, ministan sadarwa Sam George ya yi barazanar dakatar da lasisin DStv a watan Agustan 2025 idan ba a rage kuɗi da kashi 30 cikin ɗari ba. A ƙarshe aka sasanta a kan ƙara wa masu rajista tashoshi a kuɗin da suke biya. Na biyu, wanda ya fi ƙarfi, shi ne satar sigina.

Salula, mega da ɓarayin sigina

A ƙa'ida, intanet ce ya kamata ta kawo gogayyar da tauraron ɗan'adam ya rasa. A watan Fabrairun 2024 MultiChoice ta sabunta Showmax tare da kamfanin Comcast na Amurka, da wani tsari na kallon Firimiya a salula kaɗai, mai arha. Asara ya yi ta jawowa. A watannin Yuni da Yulin 2025 DAZN, wanda aka ruwaito ya biya FIFA kusan dalar Amurka miliyar ɗaya, ya nuna gasar kofin duniya ta ƙungiyoyi kyauta ga duk duniya, har wasan ƙarshe da Chelsea ta doke Paris Saint-Germain da ci 3 da nema. To amma kyauta a Landan daban take da kyauta a Dungas. Wasa ɗaya, ko da hoton bai da kyau sosai, yana iya cin giga guda na data. Kuɗin wannan gigar ya ninka kuɗin shiga gidan kallo, ga kuma rezo da ke zuwa yana ɗaukewa da zarar an bar bakin kwalta. Masu amfani da layukan Najeriya a ƙauyukan iyaka su ma sun ji a jika, bayan hukumar sadarwar ƙasar ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025.

Starlink, wanda ya fara aiki a hukumance a Nijar a watan Maris na 2025, zai iya sauya wannan hoto fiye da duk wata yarjejeniya da za a sa wa hannu a Turai. Kayan aikinsa sun fi ƙarfin mutum ɗaya, amma ba su fi ƙarfin mai sana'a ba: faranti ɗaya, ya sayar da koneksiyon ga unguwa da rana, ya nuna wasa da dare. Tambayar ita ce wace tasha zai nuna. Da intanet mai ƙarfi, ƙaramin akwati na ƴan kuɗi kaɗan yana buɗe ɗaruruwan tashoshin da aka sato, har da beIN Sports ta Katar da sharhinta na Larabci wanda matasa da yawa suka fi so saboda ihun mai sharhi. Manyan kamfanoni sun sani sarai cewa babban abokin gabarsu a Afirka ba wata tasha mai ofis ba ce. Rage kuɗin dekoda da rabi da MultiChoice ta yi a Najeriya a watan Yunin 2025, daga naira 20,000 zuwa 10,000, amsa ce ga wannan barazana. Sata dai sata ce, kuma tana da nata haɗari ga mai gidan kallo: hoto ya tsaya cak ana shirin buga fenariti, jama'a su nemi a mayar musu da kuɗinsu. Amma duk lokacin da aka ƙara kuɗin halal, ana ƙara wa mai sayar da na sata kasuwa.

Akwai kuma wani mai cin riba da ba ya sayen haƙƙin ko wasa ɗaya, wato kamfanonin caca. Sunan 1xBet yana cikin masu ɗaukar nauyin gasannin CAF tun 2019, kuma yaron da ya sa dala ɗari a kan wasan wata ƙungiyar da bai san garinta ba, dole ya nemi inda zai kalla. Iyaye da malamai a yankin sun fi damuwa da wannan a kan batun wane ne ya sayi wane.

Rabon Mena

Wani abin lura shi ne siyasa ba ta taɓa wannan harka ba. Hukumomin Yamai sun dakatar da RFI da France 24 a watan Agustan 2023, sojojin Faransa sun fice kafin ƙarshen wannan shekara, an karɓe mahaƙar Somaïr daga hannun Orano a 2025. A watan Disamban 2024 an dakatar da BBC na wata uku, gidan da sashensa na Hausa ya saba kawo sharhin Firimiya ta rediyo ga wanda ba shi da ko dala ashirin ɗin shiga. Amma farantin Canal+, kamfanin da iyalan Bolloré ke da babbar murya a cikinsa, yana nan daram a kan rufi daga Yamai har Bilma. Ana iya rufe tashar labarai a kwana lafiya; babu gwamnatin da ke sha'awar gwada rufe gasar zakarun Turai a daren Laraba.

Inda hukuma ke da abin yi na gaske shi ne wasannin ƙasa. Ƴan Najeriya ba su manta 2013 ba, shekarar da Super Eagles ta Stephen Keshi ta ci kofin Afirka a Afirka ta Kudu, amma tashoshin kyauta na ƙasar ba su nuna gasar ba saboda an kasa daidaitawa a kan farashi da dillalin da ke riƙe da haƙƙin. A wannan gasar ce Mena, a zuwanta na biyu kuma na ƙarshe kawo yanzu, ta samu makinta na farko da canjaras da Kwango. Yau matsalar ta fi tsanani ga Nijar, domin filin wasa na Janar Seyni Kountché ya sha rasa amincewar CAF, Mena ta buga wasanninta na gida da dama a Maroko. Ƙungiyar Badou Zaki ta ƙare ta biyu a rukuninta na neman zuwa kofin duniya na 2026, bayan Maroko, sakamakon da ba a saba gani ba. Ƙungiyar da ba ta wasa a gida, allo ne kaɗai filinta. Idan RTN ba ta iya sayen hoton ba, ko aka kulle shi a tashar biya, yaron Bande zai san ƴan wasan benci na Chelsea bai san mai tsaron gidan ƙasarsa ba.

Turawan da suka ƙirƙiro wannan kasuwa sun yi wa kansu katanga. Birtaniya tana da jerin wasannin da doka ta ce dole a nuna su kyauta, a ƙarƙashin dokar watsa labarai ta 1996. Faransa ta fitar da nata jerin a watan Disamban 2004, wanda ya haɗa da wasannin ƙungiyar ƙasa da wasan ƙarshe na kofin duniya. Ƙasa ɗaya mai ƙaramar kasuwar talla irin Nijar ba ta da bakin ciniki a gaban dillali. Amma RTN da ORTM ta Mali da RTB ta Burkina Faso, waɗanda gwamnatocinsu suka kafa ƙawancen AES har suka yi shelar tashar telebijin ta haɗin gwiwa, za su iya zuwa kasuwa da jaka ɗaya. Wannan aiki ne da ya fi taron ministoci wuya, don yana buƙatar kuɗi a hannu kafin ranar tayi. Nijar tana kuma da murya a sama: Djibrilla Hima Hamidou, wanda aka fi sani da Pelé, da ya ja ragamar FENIFOOT shekaru da yawa, ya samu kujera a majalisar FIFA a watan Maris na 2025.

Gasar cikin gida kuwa, ta su Sahel SC da AS FAN da Espoir ta Damagaram, ba ta cikin wannan kokawa ta miliyoyi ko kaɗan. A maƙwabta, StarTimes ta Sin ta ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da gasar Najeriya a ƙarshen 2023, abin da aƙalla ya sa magoya bayan Kano Pillars da Katsina United suka ga ƙungiyoyinsu a allo. Wasan da Nijar ta mallaka da kanta, wanda ke tsayar da kasuwa da ofis idan Télé Sahel ta kunna shi, shi ne kokowar takobin ƙasa, kuma ba a taɓa neman izinin kowa a waje kafin a nuna ta ba.

Ranar 21 ga Disamban 2025 aka buɗe gasar cin kofin Afirka a Maroko, ƙasashe 24, wasa 52, har zuwa 18 ga Janairun 2026. Mena ba ta je ba, don haka a Bande da kewaye zuciya ta rabu tsakanin Super Eagles da ƙawayen Sahel, Mali da Burkina Faso. Da kammala gasar wa'adin yarjejeniyar CAF da New World TV ya cika, kuma cinikin gasar 2027 ta Kenya da Uganda da Tanzaniya shi ne zai zama gwaji na farko na yadda kasuwar za ta kaya da babban mai saye guda ɗaya. Kafin nan akwai kofin duniya na 2026, daga ranar 11 ga Yuni, a Amurka da Meziko da Kanada, wasa 104, da yawansu cikin tsakar dare a agogon Nijar. Lokacin ya faɗo daidai da shuka da noman farko, sa'ad da samari ke gona tun asuba, kuɗi ya yi ƙaranci a gari, hadari kuma yana ɗauke sigina daga faranti.